Yadda Ake Saka Kunshin Wasa da Ƙari a Manhajar VASSAL

Darasinmu na yau a kan VASSAL ne, tsohuwar manhajar kwamfuta da ke ba mutum biyu damar buga wasan allo ko na kati ta intanet, kowa yana garinsu. Rodney Kinney ne ya fara rubuta ta da yaren Java saboda wasan yaƙi na Advanced Squad Leader, daga baya ta karɓi sauran wasanni. Kyauta ce, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux.

VASSAL tebur ce kawai, ba ta zuwa da wasa ko ɗaya. Masu sha'awa ne ke haɗa taswira da kati da 'ya'yan wasa cikin fayil ɗaya mai ƙarewa da .vmod, wanda za mu kira kunshi. Akwai kuma ƙari, mai ƙarewa da .vmdx, a tsofaffi kuma .mdx, wanda ke kawo sabbin taswirori ko katuna cikin kunshin.

Mataki na 1: Duba siga kafin ka kashe data

Buɗe VASSAL ka ga lambar sigarta, sannan ka je vassalengine.org ka duba wadda aka rubuta a gefen kunshin. Tsohuwar siga ba ta buɗe kunshin da aka adana da sabuwa. Haka nan, a 2020 an fitar da siga 3.3, wadda ta koma sabon Java, shi ya sa wasu tsofaffin kunsa masu ɗauke da lambobin Java na kansu ba sa tafiya daidai sai a 3.2.17.

Mataki na 2: Sauke, amma kada ka warware

VASSAL ba ta aiki a Android, amma za ka iya sauke kunshin da wayarka, ka tura shi kwamfuta ta kebul. A nan na fara faɗawa rami. A cikinsa, fayil ɗin .vmod zip ne aka sauya wa suna, don haka burauzata ta mayar da shi .zip, ni kuma na warware shi. Sai ga folda cike da hotuna, VASSAL ta ƙi karɓa. Sau biyu ina sake saukewa kafin na gano fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Idan hakan ta same ka, sauya ƙarshen sunan ya koma .vmod, shi ke nan.

Mataki na 3: Buɗe kunshin

Ajiye shi a foldar da ba za ka riƙa motsawa ba. Shiga File, ka zaɓi Open Module, ka nuna fayil ɗin. Buɗewar farko takan ɗan jima saboda manhajar tana shirya manyan hotuna, kada ka rufe ta. Bayan nan sunan wasan zai zauna a jerin babban shafi.

Mataki na 4: Saka ƙari

Danna maɓallin dama na mawus a kan sunan wasan, ka zaɓi Add Extension. Idan da hannu kake so, ƙirƙiri folda kusa da kunshin mai suna irin nasa, ka ƙara _ext a ƙarshe. Misali, yaki.vmod foldarsa ita ce yaki_ext. Zuba ƙarin a ciki, ka sake buɗe wasan.

Gargaɗi biyu

Na farko, kai da abokin wasanka ku daidaita siga: kunshi ɗaya, ƙari ɗaya. Idan kuka bambanta, kati ko taswira za su iya ɓacewa a gefen ɗayanku. Kada kuma ku sabunta kunshi a tsakiyar wasan da kuka adana a .vsav, ku bari ku gama.

Na biyu, tunda kunshi na iya ɗaukar lambobin Java, zai iya yin aiki a kwamfutarka kamar kowace manhaja. Kada ka buɗe wanda wani baƙo ya turo maka a WhatsApp ko Telegram, ka je shafin VASSAL da kanka.

Ga mai ƙarancin data kuwa, ba dole sai kun hau intanet tare ba. Ka naɗi motsinka a fayil ɗin .vlog, wanda ba shi da nauyi, ka aika wa abokinka, shi ma ya buga nasa ya dawo maka da shi.