Yadda Ake Tsaron Yuraniyom Da Lissafi

Manomin Garun Malam ya sani ba dukan ruwan da aka sako daga madatsar Tiga ke isa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure ba. Rana ta kan sha wani, ƙasa ta tsotse wani. Ma'aikacin ruwa wanda ya san aikinsa ya kan ƙiyasta wannan hasara tun kafin a buɗe ƙofa. In abin da ya ɓace ya zarce ƙiyasinsa, lalle akwai inda aka fasa hanyar ruwan.

Da irin wannan dabara ake tsaron yuraniyom, watau ma'adinin nan da ake haƙowa a Arlit cikin ƙasar Nijar. Da shi ake samun wutar lantarki, da shi kuma ake ƙera bom. A masana'antar da ake tace shi, wani ya kan maƙale cikin bututu, ma'auni kuwa ba ya rasa ɗan kuskure. Saboda haka masana su kan tsara kwatancin masana'antar cikin kwamfuta, ta lissafa abin da ya kamata a tarar a kowane ɗaki. Har su kan jarraba sata ta ƙarya cikin kwatancin, kaɗan kaɗan, don su ga ko lissafin zai tona ta. Da irin wannan ƙiyasi masu duba na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wadda ke Biyana, su ke gwada littattafan ma'aikata.

A ƙasar Hausa abin ya zo kusa. A shekarar 1 ga aikinta, watau 2004, tukunyar nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta fara da yuraniyom wajen kilo ɗaya, mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari. Tukunyar ƙarama ce ƙwarai, ƙirar ƙasar Sin, ta bincike ce kawai. Kilo ɗaya bai isa bom ba, gama Hukumar ta na ƙidaya kilo 25, amma irin wanda ɓarayi ke nema ne.

Ba a taɓa zuciyar tukunyar ba sai da masanan Zariya da na Argonne a Amurka suka yi shekaru suna gwada sabon makamashi cikin kwamfuta, suka tabbata zai kama, ba kuwa zai yi zafi fiye da kima ba. Sa'an nan a 2018 aka sa mai ƙarfin kashi 13, wanda ba ya yin bom. Cikin watan Disamba na shekarar aka ɗauki tsohon a jirgin sama aka mayar da shi Sin.