Kin Gama Littafinki a Unguwar Miskine ta Bangui? Ga Yadda Za Ki Yi Aiki da Edita

Ƙanwata, kin kai ƙarshen labarinki, kin kuma ƙudura za ki buga shi da kuɗinki. Madalla. Haka marubutan Kano suka yi tun shekarun 1980, kuma Ado Ahmad Gidan Dabino da kansa ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Sai dai mai buga wa kansa ba shi da kamfanin da zai duba masa aiki. Edita ke za ki nemo, ke za ki biya.

1. Ki bar rubutun ya huce. Sati biyu kada ki taɓa shi, sannan ki karanta da babbar murya. Duk inda harshenki ya sarƙe, gyara da kanki.

2. Ki san gyaran da kike nema, don iri biyu ne. Akwai gyaran labari: babin da ya yi tsawo, tauraruwar da halinta ya sauya ba dalili. Akwai gyaran ƙa'ida: "shi ne" ba "shine" ba, "tana" ba "ta na" ba, da ƙugiyar ƙ, ɗ, ɓ. A fara da na labari. Asarar kuɗi ce a gyara waƙafi a babin da za a cire.

3. Ki nemi edita a inda Hausa take da kasuwar littafi. Tambayi marubuta a zaurukan WhatsApp, ko reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ANA, ko ɗaliban Hausa na Jami'ar Bayero. Agogon Bangui da na Kano da na Maraɗi ɗaya ne, kira ba zai yi wuya ba. Ki tura babi ɗaya na gwaji kafin littafin duka.

4. Ki tsare Hausarki ta unguwar Kilomita Biyar ta Bangui. Nan ne na fi so ki natsu. Mai shago a titin Koudoukou yana ciniki da Hausa, ya faɗi farashi da Faransanci, ya sallami mai saye da "singila" ta harshen Sango. Editan Kano zai iya ɗauka cewa wannan kuskure ne, ya goge, ya mayar da mutanenki 'yan Fagge. In ya yi haka, ya cire abin da babu wanda zai iya rubutawa sai ke. Ki haɗa masa takarda guda: kalmomin Sango da Faransanci da Fulatanci da ke cikin littafin, ma'anarsu, da yadda kike so a rubuta su. Ki gaya masa a fili: bayanin mai ba da labari ya bi daidaitacciyar Hausa, maganar mutane kuwa a bar ta yadda take fita daga bakinsu. A nan ku tsayar da 'y ta Najeriya ko ƴ ta Nijar, ku bi ɗaya har ƙarshe.

5. Maganar kuɗi a rubuce. Nawa ne, da sefa ko da naira, zagaye nawa na gyara, yaushe zai gama. Rabi a farko, rabi in ya miƙo aiki. Ki ƙara layi ɗaya: littafin naki ne, ba zai tura wa kowa ba.

6. Ki tura wa edita fayil na Word, ya kunna alamar da ke nuna duk abin da ya taɓa. Kada ki karɓi rubutun da aka gyara a ɓoye. Ki ajiye kwafi a imel ɗinki, saboda ɗaukewar wuta.

7. In gyara ya dawo, kada ki ba da amsa ranar. Jan layi yana da zafi. Ki kwana, sannan ki karɓi na ƙa'ida duka, na labari kuma ki tambaye shi dalili. In ya ce bai gane wani wuri ba, ki yarda, don mai karatu a Zariya ma ba zai gane ba.

8. Kafin a buga da yawa, ki sa maɗaba'a ta fitar miki da kwafi ɗaya. Wasu salon haruffan kwamfuta ba su san ƙugiya ba, sai ki ga ɗan akwati a gurbin ƙ. Ki ba wata da ba ta taɓa karanta labarin ba ta duba shafi-shafi.

Gobe da safe ki ɗauki biro ki fara jera kalmomin nan na mataki na 4, daga babin farko.