Haƙƙin Baƙo da Haƙƙin Mai Masauki: Darasi ga Matafiyanmu

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya hore mana hanyoyinta, ya kuma wajabta mana sada zumunta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara da zarar an gama girbi an kai hatsi rumbu, sai tashoshin mota na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Birnin Ƙonni su cika da matafiya. Wasu sun nufi Kano da Legas, wasu Kumasi da Abijan, wasu kuma Libiya da Aljeriya. A cikinsu akwai mai zuwa gaida ɗan'uwan da ya daɗe bai gani ba, akwai mai neman magani, akwai ɗan ci-rani. Kusan kowannensu yana riƙe da sunan mutum ɗaya da zai sauka a wurinsa. Darasinmu na wannan fitowa yana kan abin da ke tsakanin waɗannan mutane biyu, baƙo da mai masaukinsa, domin mun ga zumunci mai yawa ya ƙullu a kan tabarmar baƙo, mun kuma ga mai yawa ya tsinke a kanta.

ASALIN AL'ADAR

Saukar baƙi tsohuwar gādo ce a wurinmu. Fataken goro da ke bin hanyar Gwanja sukan yi watanni tsakanin ƙasar Hausa da Salaga. A kowane zango akwai maigida da ke ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu idan magana ta taso. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ƴan kasuwa suka watsu zuwa Kumasi da Kete Karaci da wasu garuruwa, kuma har yau unguwannin baƙi Musulmi a Gana suna amsa sunan zango. Ta gabas kuma, alhazan ƙasa sukan yi shekaru a hanyar Makka suna sauka wurin ƴan'uwa a Cadi da Sudan. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, ya zama masauki ga masu wucewa. Da ba don masu masauki ba, da kakanninmu ba su yi fatauci ba, da yawansu kuma da ba su ga Ka'aba ba.

Amma tushen abin ya girmi fatauci. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Ibrahim (A.S.) a Suratu Hud aya ta 69 da Suratuz Zariyat aya ta 24 zuwa 27, yadda baƙin da bai sani ba suka shigo masa, ya amsa sallamarsu, ya zame zuwa ga iyalinsa ba tare da shela ba, ya kawo gasasshen ɗan maraƙi mai ƙiba, ya kusantar da shi gare su. Malamai sun fitar da ladubba daga nan: a gaggauta kawo abinci, kada a tambayi baƙo ko yana jin yunwa, a kawo mafi kyawun abin da ke akwai, a ajiye shi kusa da hannunsa.

ABIN DA KE KAN MAI MASAUKI

A hadisin Abu Shuraih, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (S.A.W.) ya haɗa girmama baƙo da imani da Allah da ranar lahira, sannan ya raba lokacin gida uku. Yini da dare na farko na karramawa ce ta musamman. Liyafa kwana uku ce. Abin da ya wuce kwana uku sadaka ne daga mai gida, in ya so ya yi, in bai iya ba babu laifi a kansa.

Saboda haka muna kira ga ƴan'uwanmu mazauna ƙasashen waje da kada su ɓoye wa ɗan garinsu, kada su kashe tarho don sun ji yana tafe. Wanda ya zama maigida a Ajame ko a Sabon Zango yau, ran da ya fara sauka wani ne ya ba shi tabarma. Shari'a kuma ba ta ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba, bai halatta mutum ya ci bashi da ruwa don ya burge baƙo ba. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mafi girman kyautar da mai masauki zai yi wa sabon zuwa ita ce gaskiya: ya gaya masa halin garin, da dokokinsa, da inda ake samun aikin halal, da wuraren da ƙafarsa ba za ta taka ba, ya nuna masa masallaci da malamin unguwa.

ABIN DA KE KAN BAƘO

Nan ne muka fi son tsayawa, domin mutanenmu sun haddace rabin hadisin nan sun bar rabi. Kowa ya san an ce a girmama baƙo. Kaɗan ne suka san cewa ƙarshen hadisin ya hana baƙo ya zauna wurin ɗan'uwansa har ya ƙuntata masa. A ruwayar Muslim an ce har ya jefa shi cikin zunubi, da sahabbai suka nemi bayani sai aka fassara musu da cewa ya zauna alhali mai gidan ba shi da abin da zai ba shi. Zunubin kuwa a fili yake: mai gida ya shiga yi da baƙonsa a bayan ido, ko ya shiga ƙarya don ya rabu da shi, ko ya rage abincin ƴaƴansa har rigima ta tashi tsakaninsa da matarsa.

Mu tuna cewa zaman birnin waje ba irin na ƙauyenmu ba ne. A gida akwai zaure, akwai rumbu, akwai rijiya. Ɗan'uwanmu na Abijan ko Jidda sau da yawa ɗaki ɗaya ko biyu yake haya da iyalinsa, yana biyan ruwa, yana biyan wuta, kowace loma saye yake yi. Idan baƙo ya sauka babu ranar tafiya, matar gida ta rasa inda za ta sake, yara su koma kwana a ƙofa, mai gida kuma kunya ta hana shi magana. Sai wata shida ya wuce, a rabu ba a ga maciji, labari ya iso gida cewa wane ya yi arziki ya manta da dangi. Iyaye su ɗauki fushi, zumuncin shekara hamsin ya mutu saboda an saɓa wa hukuncin kwana uku.

Sahabbai sun bar mana misali. Lokacin da Abdurrahman ɗan Aufu ya yi hijira zuwa Madina, Annabi (S.A.W.) ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakaninsa da Sa'adu ɗan Rabi'u. Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, kuma bai jima ba ya tsaya da ƙafarsa har ya yi aure. Mai masauki ya kai matuƙa wajen kyauta, baƙo ya kai matuƙa wajen kamun kai. Idan wani ya kafa hujja da cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi watanni a gidan Abu Ayyuba Al'ansari, sai mu ce masa mutanen Madina rige-rigen saukar da shi suka yi, kuma da aka gama gina masallaci da ɗakunansa ya tashi. Duk wanda zamansa zai wuce kwana uku, to ya kasance da yardar mai gida ta gaskiya, ya faɗi ranar tafiyarsa, ya sa hannu a cefane, ya ɗauki wani nauyi na gidan.

Sauran ladubban baƙo a taƙaice su ne: ya sanar kafin ya taso, tunda yau tarho na hannun kowa. Ya yi sallama ya nemi izini kamar yadda Suratun Nur aya ta 27 da 28 ta koyar, in an ce ya koma ya koma ba da fushi ba. Kada ya zarce da hira bayan an ci abinci, Suratul Ahzab aya ta 53 ta yi gargaɗi a kan haka. Kada ya yi limanci a gidan mutum ko ya zauna a mazauninsa sai da izininsa. Ya runtse idonsa daga iyalin gidan, kada ya keɓe da matar ɗan'uwansa da sunan ai gida ɗaya ne, domin Annabi (S.A.W.) ya kamanta shigar dangin miji wurin matar da mutuwa. Abin da ya gani na sirrin gidan kuma amana ne, ba tsarabar da zai kawo wa majalisa ba.

TAKARDU DA HATSARIN HANYA

Yana daga cikin cutar da mai masauki mutum ya sauka masa babu takardu. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su fice, a farkon 1983 Najeriya ma ta yi irin haka, kuma mutane masu ɗimbin yawa sun bar dukiyarsu a baya. Ƙasarmu ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a watan Janairu na 2025, don haka matafiyi ya bincika abin da ake nema a kowace iyaka kafin ya hau mota, ya riƙe katin shaidarsa da na rigakafi. Wanda ya je Umra ya ƙi dawowa bayan bizarsa ta ƙare, ya sani dokar Saudiyya tana hukunta wanda ya ɓoye shi, ya saka wa mai alheri da sharri ke nan, ya kuma saɓa alkawarin da ya shiga ƙasar da shi.

Ba za mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Allah ya jiƙansu. Rai amana ne, Suratul Baƙara aya ta 195 ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Kada wanda ke waje ya ruɗi na gida da hotuna da labarin daɗi alhali ya san wahalar da yake ciki.

SALLAR MATAFIYI A MASAUKI

Ana yawan tambayarmu a kan wannan. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaid, ana yin ƙasaru a tafiyar da ta kai baridi 4, wato mil 48, kimanin kilomita 80. Azahar da La'asar da Lisha su koma raka'a biyu-biyu, Magariba da Asuba suna nan yadda suke. Ana farawa bayan an wuce gidajen gari. Idan baƙo ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a inda ya sauka, to ya cika sallarsa tun daga isarsa. Idan bai yanke niyyar haka ba, kullum yana sa ran tashi gobe ko jibi, yana ci gaba da ƙasaru. Wanda ya shiga garin da matarsa take, wadda ya riga ya tare da ita, hukuncin tafiya ya yanke, ya cika. Idan kuma matafiyi ya bi liman mazaunin gari, sai ya cika tare da shi. Ɗan ci-ranin da ya san zai yi wata uku a Kumasi ba shi da ƙasaru a can, kuma Juma'a da azumin Ramadan sun hau kansa kamar kowane ɗan gari.

HAƘƘIN WAƊANDA AKA BARI A GIDA

Kafin mutum ya fita ya nemi yardar iyayensa, ya rubuta basussukan da ke kansa, ya bar wa iyalinsa abin da za su ci. Abu Dawuda ya ruwaito cewa tozarta wanda ciyar da shi ke wuyan mutum ya ishe shi zunubi. A hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, Annabi (S.A.W.) ya siffanta tafiya da yanki na azaba, ya umarci wanda ya biya buƙatarsa da ya gaggauta komawa ga iyalinsa. A garuruwanmu akwai matan da suka shekara biyar ba aike ba saki, akwai yaran da ba su san fuskar ubansu ba. Mai masaukin da ya ga baƙonsa ya shantake ya manta da gida, wajibi ne ya yi masa nasiha. Idan Allah ya kawo ranar komawa, sunna ce a sanar da iyali kada a faɗo musu cikin dare ba zato, a fara da masallaci a yi raka'a biyu. Sannan kada a manta da mai masauki: a yi masa addu'a, a aika masa da godiya, a faɗi alherinsa a gaban dangi, a rufe abin da ya gaza.

Muna roƙon Allah ya kiyaye matafiyanmu a tudu da ruwa da sama, ya buɗa wa masu saukar da su, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya da arziki na halal. Ya gafarta mana, da iyayenmu, da malamanmu, da dukkan Musulmi. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.