Lamba Ta Hau, Likita Ya Ce a Dawo Bayan Wata Uku

Wannan wasiƙa daga wata baiwar Allah ce a Funtuwa. Ta ce sau uku a jere tana ɓari, duk ciki bai kai mako 10 ba. An gwada jininta, an ga wasu sojojin garkuwar jiki sun hau, amma likita ya ce sai ta dawo bayan wata uku an sake gwaji. Tambayarta: tunda ga shi a takarda, me ake jira?

Sannu, 'yar'uwa. Allah ya kawo rayayye.

Cutar da likitanki yake zargi ita ce antifosfolifid, wadda likita Graham Hughes ya bayyana a Landan a 1983. Garkuwar jiki ce take juyowa kan mai ita, jini ya riƙa daskarewa a jijiya, ko a ƙafa, ko a huhu, ko a mabiyiyar da ɗan tayi yake ci ta cikinta.

Yawan sojojin yana da nauyi ƙwarai. Ana auna iri uku. A biyu daga ciki, wato antikadiyolifin da wani makamancinsa, lambar da ba ta kai 40 ba ba a cika kafa hujja da ita ba. Ƙa'idojin da likitocin Amurka da Turai suka fitar a 2023 sun kira 40 zuwa 79 matsakaici, 80 zuwa sama kuma mai yawa. Wadda ukun duka suka bayyana a jininta ta fi kowa shiga haɗari.

To amma lamba takan hau ta sauka. Zazzaɓin cizon sauro, tunjere, ciwon hanta, duk suna iya tayar da sojojin nan na ɗan lokaci, kuma mu nan wa ya rabu da cizon sauro? Shi ya sa sai an sake gani bayan aƙalla mako 12. Likitanki ya yi daidai, domin maganin tsinka jini ba abin da ake ɗora mutum a kai da zato ba ne. Yana iya jawo zubar jini.

Ina roƙonki, kada ki sayi asfirin a kemis da kanki. Idan kuma ciki ya shiga kafin ranar gwajin, ki koma asibiti a makon da kika gane, da takardunki duka. Akwai allurar hefarin da ƙaramin asfirin da likita yake bayarwa, kuma mata da yawa sun haihu lafiya da su.