Darasi na Tara: Nono Zalla Har Wata Shida

A Gandi da Rabah da Wurno da Goronyo, kusan kowace uwa tana shayar da ɗanta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne nono zalla, wato jariri ya sha nonon uwa kaɗai, ba ruwa, ba koko, ba jiƙo, har ya cika wata 6. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya gano jarirai 29 kacal cikin 100 ke samun haka a Najeriya.

Me ke hana uwa?

Zafi. In bazara ta kankama, sai ka ga kaka ta ɗebo ruwa a randa da moɗa, tana ɗiga wa jinjiri a baki, tana cewa ƙishi zai kashe mata jika. Alhali fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne tsabtatacce. Ruwan randa kuwa yakan shigo da ƙwayoyin zawo, zawo kuma ya jawo tamowa.

Dakashi. Wasu na tatse nonon farko su zubar, wai ƙazanta ne. Wannan ruwan ɗorawa mai kauri shi ne rigakafin farko. A sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwa.

Kunya. Mai haihuwar fari takan ji nauyin shayar da ɗanta gaban surukai, kuma ba ta iya musa wa manya. Nan miji da ungozoma za su tsaya mata.

Yunwa da tashin hankali. Tun harin da aka kai ƙauyen Tabanni a 2018, Gandi ta karɓi 'yan gudun hijira masu yawa. Uwar da ba ta ƙoshi ba takan ce nononta ya kafe. Nono na ƙaruwa ne da yawan tsotso, dare da rana. Maimakon sayen madarar gwangwani, a ciyar da maijego: kunun gyaɗa, wake, zogale, kifi, da ruwa isasshe.

Aiki. Daka da ɗebo ruwa da cirar albasa a fadama suna raba uwa da goyonta. Ta tafi da shi a baya, ko kishiya da 'yan'uwa su rage mata aiki.

Yadda za ki gane jariri ya ƙoshi

Yana fitsari sau 6 ko fiye a yini, kuma nauyinsa na hawa a sikelin asibiti. In ya cika wata 6, a fara ba shi kunu mai kauri, a ci gaba da nono har shekara 2.

Tambayoyi

1. Mene ne nono zalla?
2. Don me ba a ba jariri ruwa ko da a bazara?
3. Rubuta abinci uku da ya kamata maijego ta ci.