Karatun Likita a Kyuba: Amsa ga Mai Sauraro daga Fagge

Wani mai sauraronmu daga Fagge a Kano ya tambaya: shin ya dace ɗansa ya tafi karatun likita ƙasar Kyuba, inda ake magana da Sifaniyanci?

To Malam, ya dace, amma da sharaɗi. Kyuba ta yi suna wajen horar da likitoci. A 1999 ta buɗe makarantar likitanci ta ELAM kusa da Havana, wadda ke ɗaukar ɗalibai daga Afirka da sauran ƙasashe. Karatun shekara 6 ne, kuma waɗanda ba su iya harshen ba sai sun fara koyonsa tukuna.

Za a ce harshe shi ne cikas. Amma dubi kasuwar Sabon Gari: ɗan Ibo da ya zo bai san ko "sannu" ba, cuɗanya da masu saye ke sa ya iya Hausa. Ɗalibin da ke zama da marasa lafiya a asibiti haka zai kama Sifaniyanci. Ta fuskar addini kuwa, akwai masallaci a Havana tun 2015.

Abin dubawa na gaskiya shi ne tsadar rayuwa, ƙarancin kaya da ɗaukewar lantarki da ƙasar ke fama da su. Bayan haka, in yaron ya dawo sai ya ci jarrabawar hukumar MDCN mai kula da likitoci kafin ya duba mara lafiya a Najeriya.

Don haka, Malam, a tabbatar hukumar ta amince da makarantar, a tanadi guzuri isasshe, sannan a sa masa albarka ya tafi.