Babur Ga Mace Marar Tsayi: A Gwada Ƙafa Kafin A Biya Kuɗi

TAMBAYA: Ina sayar da atamfa da turaren wuta a Alaba Rago. Na tuƙa babur a Maraɗi ina budurwa, amma tun da aure ya kawo ni Legas ban ƙara hawa ba. Yanzu kuɗin mota ya ishe ni, maigida kuma ya yarda in saya. Matsalar ita ce tsayina santimita 152 ne, na hau Boxer ɗin ƙanensa ƙafata ta ƙi kai ƙasa. Wane iri zan saya?

AMSA: Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ba ke kaɗai ce kuɗin motar danfo da keke mai ƙafa uku ya sa take wannan lissafi ba. Kuma kada Boxer ya karya miki gwiwa. Babur ne na ɗaukar mutum biyu da kaya, 'yan acaba kuma sukan ƙara wa sirdinsa soso, su ɗaure shokozoba ta yi tauri, sai ya ƙara tudu.

Tsawon ƙafarki, daga cinya zuwa ƙasa, shi ne ma'aunin da za ki yi aiki da shi. Ki sa takalmin da za ki riƙa tuƙi da shi, ki jingina bayanki da bango, ki matse littafi a tsakanin cinyoyinki kamar kina zaune a kansa, a auna miki daga saman littafin zuwa ƙasa da awon tela. Mai tsayi irin naki takan samu wajen santimita 70. Ki rubuta lambar, ki tafi da ita kasuwa.

Baburan da muke kira roba-roba, masu inji cc 110, irin na Haojue da Lifan da Jincheng, sirdinsu yakan kama daga santimita 75 zuwa 78, nauyinsu kuma wajen kilo 100. Za ki ga lambar sirdin ta fi ta ƙafarki, amma da kin zauna babur zai ɗan nutse, tafin takalmi kuma ya cike wani abu. Sai ki lura da faɗin sirdin daga gaba, inda cinyoyi suke sauka. Sirdi mai faɗi yana buɗe ƙafafu, ya cinye tsawon da kike da shi, har ki tarar babur mai santimita 78 siriri ya fi miki sauƙi a kan mai 75 mai faɗi. Shi ya sa ba a aike a sayo wa gajeriyar mace babur. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Wannan ƙirar ta samo asali ne daga Honda Super Cub na Japan, wanda ya fito a 1958, aka kuma ƙera sama da miliyan 100 zuwa 2017. Tsakiyarsa a buɗe take, ba sai kin ɗaga ƙafa ta bayan sirdi ba. Ba shi da kulocin hannu, giya kawai za ki taka, don haka ba zai riƙa mutuwa a cikin gosulo ba. Tankin mai yana ƙarƙashin sirdi, nauyin bai taru a sama ba. Irin wannan ƙira matan Nnewi a jihar Anambra suke hawa zuwa kasuwa, haka ma matan Wagadugu.

Wani zai ce ki ɗauki sikuta mai ƙananan tayoyi, tunda ita ko giya ba a sa mata. A kan kwalta mai kyau tana da daɗi. Amma lungunan Okokomaiko da Iba da damina wani abu ne daban. Taya mai inci 10 takan faɗa rami gaba ɗaya, mai inci 17 ta roba-roba kuwa ta haye. Injin sikuta da bel ɗinta suna kusa da ƙasa, ruwan da ya kwanta a hanya yana saurin isa gare su. Ga kuma faɗin wurin ajiye ƙafa, wanda yake ƙara miki nisa da ƙasa in za ki tsaya.

A wurin mai sayarwa, ki ce a sauke babur daga kan jak, ki zauna, wani ya riƙe miki baya. Ba dole ƙafa biyu su kwanta a ƙasa ba. Ki ɗan zame zuwa hagu, ki dasa ƙafar hagu sosai, ta dama tana kan birkin baya. In kin tsaya haka babu rawar jiki, ya yi. Daga nan ki sauka ki tura shi gaba da baya, ki karya kansa har ƙarshe ki ga ko hannunki yana kaiwa ba tare da kin miƙe daga zaune ba, ki matsa birkin hannu ki ji ko yatsunki suna kama shi. Mai komawa tuƙi ta fi faɗuwa a irin waɗannan wurare, wajen juyawa a ƙofar gida ko tsayawa a bakin kwata inda ƙasa ta karkace. Ki kuma tabbata yana tashi da maɓalli, domin buga kik a tsakiyar cunkoso wahala ce ga mai gajeriyar ƙafa.

In kaɗan ya rage, mai ɗinkin sirdi zai iya yanke soso santimita 2 zuwa 3, ya kuma siranta gaban. Bakanike zai iya sassauta shokozobar baya zuwa mataki mafi laushi in tana da matakai. Kada ki bari a yanke ƙarfe ko a sa gajeriyar shokozoba ta wani babur, cikinsa zai riƙa gogar tudun rage gudu, jak ɗin gefe kuma ya daina jingina shi daidai.

Batun sutura ba wasa ba ne. Gefen hijabi ko abaya in ya shiga sarƙa ko tayar baya, fizgo mutum yake ta wuya. Ki zaɓi babur mai rufaffiyar sarƙa, ki sa wando a ciki, ki tattare hijabin ki zauna a kansa, ko ki ɗora riga mai zif. Takalmi rufaffe, ba silifas ba. Hular kwano kuma daidai kanki, a ɗaure igiyarta. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa ta tun 1 ga Janairun 2009.

Sai doka, wadda a Legas ita ce rabin shawarar. Dokar sufuri ta jihar ta hana baburan da ba su kai cc 200 ba hawa manyan hanyoyi, cikinsu har da titin Legas zuwa Badagry da ya ratsa ta gaban Alaba Rago, da Agege Motor Road, da titin Legas zuwa Abeokuta. A 2022 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya haramta acaba kwata-kwata a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland daga 1 ga Yuni, ya ƙara da Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe daga 1 ga Satumba, ana kuma murƙushe baburan da aka kama. Ojo, inda Alaba Rago take, da Agege ba sa cikin wannan jeri, amma ranar kame ba a tsayawa dogon bayani. Kada wannan ya sa ki sayi mai cc 200 don ki hau babban titi; irinsu sun fi tudu da nauyi, ga tireloli. Ki yi rajista da lambar babur na kai, ki yi lasisin tuƙi ajin A da inshora, ki riƙa yawo da kwafinsu. In na hannu za ki saya, ki gwada lambar inji da ta jikin babur da abin da ke rubuce a rasit, ki guji wanda ya yi acaba.

Kafin ki shiga titi, ki nemi fili da sassafe ki maimaita tashi, tsayawa da birki biyu tare, da zagaye a hankali, sai hannu ya dawo. Kaya da yara su jira tukuna.

Shawarata, Hajiya: roba-roba mai cc 110, taya inci 17, mai tashi da maɓalli da rufaffiyar sarƙa, na zirga-zirgar cikin unguwa. Tafiyar Ikeja ko cikin Eko kuwa, ki ci gaba da shiga mota. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a kasuwa.